Yadda Aka Kai Malama Lidiya Makwancinta

Wanda ya bar gida a shekarar fari ba shi da labarin ban kwana, don kowa tafiya yake yi. Wasu sun yi kudu, wasu sun tare a bakin hanyar Tasawa suna jiran motar hatsin taimako. Tawa tafiyar ce ta fi ta kowa nisa a Hawandawaki, kuma ni ba yunwa kaɗai ta kore ni ba. Kirana aka yi.

Wadda ta kira ni Malama Lidiya ce, Baturiyar mishan da ta ƙare ƙuruciyarta a ƙasarmu tana ba da magani a gindin gawo. Ita ta karɓi haihuwar ɗiyana duka, ita ta koya mini haɗa baƙi har na iya karanta Maganar Allah da Hausa, ni da ban taɓa taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba. Ni kuma ni na yi goyon ɗanta. Da damina aka haife shi ana tsakiyar noma, muka sa masa Nomau, iyayensa na ce masa Piyer. Bayan mijinta ya rasu ƙarfinta ya ja baya, ta koma Faransa. Shekaru suka wuce, sai ga takardar Nomau ta hannun fastonmu. Ya ce tsohuwa ta kwanta, ta fara mance mutane, ta bar Faransanci sai Hausa, kuma sunana take kira. In zan zo in yi jinyarta, shi zai ɗauki cin gidana har a yi girbi. Jikoki na gabana, rumbu babu ko zangarniya. Na ce a rubuta masa ina tafe.

Zangon farko Yamai, kuma nan na gane idon da nake taƙama da shi a gida bai ganin komai a birni. Soja ke mulki, takardar fita ƙasa ba ta samuwa sai mutum ya sha rana. Ina kwana a harabar wata majami'a tare da waɗanda yunwa ta koro, da safe in tafi biro, ofishin takardun, in zamna a gindin katanga. Rannan wani mai kwat da jakar hannu ya ji ina magana, ya tsaya.

"Iya, ke ba ta wajen Tasawa ba ce? Ai ni ɗan Korgom ne."

Ya durƙusa ya gaishe ni kamar ɗan arziki. Ya ce ya san mai buga hatimi, sai dai ba a zuwa wurinsa hannu wofi. Na tuɓe awarwaron azurfar da na gada wurin uwata na ba shi. Ya shiga ta ƙofar gaba, har yau bai fito ba. Ni da mutanen garinmu ke cewa ina gane ɓarawon kaza daga tafiyarsa.

Wanda ya fid da ni wani soja ne mai gadin ƙofar, da bindigarsa da tsagen mutanen Mayahi a fuska. A mako na ukku ya matso ya tsaya kaina.

"Tsohuwa, kullum ina ganinki nan kamar turmi. Mi kike jira?"

"Takardar zuwa Faransa."

Ya dubi ƙafata. "Faransa? Da wanga takalmi?"

"Takalmin aka kira ko ni?"

Ya yi dariya har bindiga na rawa a kafaɗarsa, ya kama hannuna ya shigar da ni. Da aka gama ya ga sunana da takardar fasto, ya gane ni Kirista ce. Ya rako ni har bakin titi ya ce, "In kin isa wurin manyanku, ki ce su roƙa mana ruwa. An ce can duk masu ibada ne." Na ce zan faɗa. Abin da ya zata shi ni ma na zata.

Jirgin sama ba ni da abin faɗa a kansa, idona rufe yake daga tashi har sauka. A can na tarar da wani dogon Bature mai furfura yana nufo ni, kafin in ankara ya rungume ni yana neman sumbatar kumatuna. Na ture shi.

"Kai, wa ya koya maka haka? Gwiwarka ta karye ne?"

"Inna, ni ne Nomau. Kin tsuhwa!"

"Kai da kanka ya yi hwari kamar auduga kake ce mini na tsuhwa?"

Hausarsa ta yaro ɗan shekara bakwai ce, ta tsaya inda ya bar ta. Jin ta a bakin mai furfura ya sa hawaye ya zo mini, na mayar da shi.

Daga nan jirgin ƙasa, wuni guda. Na manne da taga ina kallon ciyawa har ta gaji da tsawo ba dabbar da ta cinye ta. Kowane ƙauye muka ratsa sai in ga majami'a ta dutse a tsakiyarsa, hasumiyarta ta fi rimi tsawo. Tamu ta gida ɗaki ne na laka, in an yi ruwa mai ƙarfi sai mun sake yaɓe. Na ce, "Nomau, ku kam kun ji daɗi. Ran Lahadi ƙasa ma girgiza take yi ke nan."

Bai juyo ba. Ya ce, "Duwatsu ne, Inna."

Na zaci bai fahimce ni ba.

Gidansu a wani gari ne cikin tsaunuka, bene hawa huɗu, kowane hawa da mutanensa, ba wanda ya san sunan wani. Matarsa Silbi ta tarbe ni da fara'a, ta ga ina rawar sanyi ta tuɓe rigar ulun jikinta ta sa mini. Aka jera abinci, na haɗa hannu na sunkuyar da kai ina jiran maigida ya yi godiya. Sai na ji cokula suna ƙara.

"Ci, Inna, zai huce," in ji Nomau.

Malama tana ɗakin ƙurya, ta ƙanƙance kamar ɗaurin kara. Wai ita ce matar da a da ke hawa doki zuwa Urafane ta dawo a rana guda. Ta dube ni, ta dube ni, sannan ta ce, "Hannatu. Ina gajiya? An yi ruwa?"

Na ce, "Muna jira, Malama."

Rana ta huɗu da hantsi ina shafa mata mai a ƙafa, sai kanta ya washe kamar ba ta taɓa ciwo ba. Ta ce in ja ƙofa, na ja, na dawo ta kama hannuna.

"Piyer yaron kirki ne," in ji ta. "Bai bari na rasa komai ba. Amma ran da na mutu ba zai kira kowa ba. Za su sa ni a akwati su zura a rami shiru, kamar ana ɓoye kayan sata. Mutanenku nawa na rufe wa ido, Hannatu? Akwai wanda aka kai ba addu'a?"

"Babu, Malama."

"To ni ma kada ki bari."

Na yi dariya. "Haba Malama, a ƙasar da majami'u suka fi rijiyoyi yawa? Sai dai mu rasa wurin tsayawa."

"Ki dai ce kin ɗauka."

"Na ɗauka."

Ta saki hannuna ta koma duniyarta, tana tambayata ko an ba awaki ruwa. Wannan alkawari shi ne nauyin da na yi ta yawo da shi wata bakwai, kuma da farko na ɗauka bai kai nauyin ƙwarya ba.

Ran Lahadi na yi wanka na ɗaura zanena mai kyau. Na fito na iske Nomau da guntun wando yana wanke mota, matarsa ko tashi ba ta yi ba. Kallonsa kawai na yi. Ya zana mini hanya a takarda, na bi har na kai majami'ar da aka yi wa Malama baftisma tana yarinya. Ƙofa a kulle, ciyawa ta fito a tsakanin duwatsun dakali. Na zamna ina jira, a zatona na yi sammako. Rana ta ɗaga, ba kowa. Can wata tsohuwa mai sanda ta zo wucewa, ta gan ni, ta ciro mabuɗi daga jaka ta nuna mini, ta ɗaga yatsu huɗu ta lanƙwashe ukku. Da ƙyar na gane: Lahadi ɗaya cikin huɗu ake buɗewa.

Da ranar ta zo na koma. Mutum tara na iske a wurin da zai ci ɗaruruwa, duk masu farin kai, kowa ya zamna nesa da ɗan'uwansa kamar an yi faɗa. Suka tashi waƙa, muryar ba ta fi kukan sauro ba. Mu a gida in matan zumunta na majami'a suka kifa tulu suna kaɗawa suka kama waƙa, maƙwabtanmu Musulmi sukan ce ko akuya ta san Lahadi ta yi. Akwai wata babbar majami'a ta Katolika a tsakiyar kasuwa, kullum ƙararrawarta na bugawa. Na ce to, waɗannan ko ba namu ba ne, suna nan da ransu. Na leƙa, sai baƙi da na'urar ɗaukar hoto, maza da hula a kai, mata da wando, suna kallon rufi suna taunar abu. Na tambayi Nomau wa ke buga ƙararrawar. Ya ce ba kowa, inji ne, lokaci take faɗa.

Abin da ya fi ci mini rai ruwan sama ne. Kusan kullum sai ya zuba, ya bi kwalbati ya tafi, mutane na tafe suna tsaki don ya jiƙa musu takalmi. Da maraice wani mutum ya fito a talabijin da sanda yana nuna inda zai sauka gobe, kamar gonar ubansa. Ba wanda ya roƙa, ba wanda ya gode. A gida kuwa, kafin in taso, gwamnatin soja da kanta ta sa aka yi shela a rediyo a fita roƙon ruwa. Musulmi suka fita fili, mu muka shiga ɗakin sujada, maigari har ya aiko a tambaya ko mun yi namu. Mu da ba mu kai gida goma ba a garin, ana sa mu cikin masu roƙo. A can sunan Allah na bakin soja da ɓarawo da mai awon hatsi. A nan, ƙasar da ta aiko mana da bishara, ambatonsa a gaban mutane ya zama kamar mutum ya kwance zane a kasuwa. Saƙon sojan Mayahi ban sami wanda zan ba ba. Na riƙa tsayawa a taga ni kaɗai ina cewa, "Ya Ubangiji, ga waɗanda ba su so, ka juya shi wajenmu."

Wata rana aka kai Malama asibiti a duba ƙirjinta. Suka shiga da ita suka bar ni a baranda. Na durƙusa a gefen bango na rufe ido, yadda kowace uwa ke yi a ƙofar ɗakin magani. Ban kai ko'ina ba na ji hannuwa sun ɗaga ni. Ma'aikata biyu ne, ɗaya ta kawo kujera mai taya, ɗaya na ɗura mini ruwa a baki tana taɓa goshina. Sun zaci faɗuwa na yi. Da Nomau ya yi musu bayani sai suka ji kunya, suka ba ni haƙuri, suka ce akwai wani ɗan ɗaki a ƙasa da aka ware wa masu son irin wannan. Irin wannan, haka suka ce. Na je na gani, kusa da inda ake ajiye tsintsiya yake.

Ba zan ce mugaye ba ne, don ƙarya zunubi ce. Silbi ba ta san ko addu'a ɗaya ba, amma ita ta yi ta yawo har wani gari ta samo mini garin gero da busasshiyar kuɓewa, ta zamna tana kallona ina tuƙa tuwo, ta ci tana yamutsa fuska tana cewa da daɗi. Na rasa inda zan ajiye ta a raina. A yadda aka koya mana, mutum ba ya yin haka sai da tsoron Allah.

Da na ga jikin Malama na ƙara sauka, na tare faston nan mai zuwa wata-wata a bakin ƙofa, na kama hannun rigarsa ban sake ba sai da ya biyo ni gida. Mutum ne mai gajiya a ido, majami'u da yawa ke wuyansa shi kaɗai. Ya zamna wurin Malama, ya riƙe hannunta. Da zai fita Nomau ya raka shi, suka yi magana a tsaye cikin ladabi, ya tafi bai waiwayo ba.

"Mi ka ce masa?" na tambaya.

"Na gode masa. Na ce in ranar ta zo ba mu bukatarsa."

"Shi kuma ya yarda?"

"Nan iyali ke yanke magana, Inna. Ba shi zuwa inda ba a gayyace shi ba."

"Mutuwa ake gayyata? Biki ne? A garinmu liman ko fasto, in ya ji kuka, takalminsa kawai yake nema."

"Nan ba garinku ba ne."

"Uwarka ta ba Allah ranta duka, kai ka hana ta addu'ar minti biyar?"

Ya zamna a kujera. Sannan ya ce, "Ta ba shi har da ni. Kin tuna ran da aka sa ni mota aka kai ni makarantar kwana, tafiyar kwana biyu? Shekarata bakwai. Ke kika yi kuka. Ita ta ce aikin Ubangiji ya fi. Sau ɗaya a shekara nike ganinta. Ina ciyar da ita, ina wanke ta, Inna, ban yashe ta ba. Amma ba zan tsaya in ji wani yana gode wa wanda ya ƙwace mini uwa ba."

Ni na ɗaure masa kayansa ranar, ni na sa masa ƙuli-ƙuli a aljihu. Na ce, "Na yi mata alkawari." Ya ce, "Ni ban yi ba."

Rai ya yi halinsa wata Talata da safe. Na ba ta kunu cokali ukku, ta ce ya yi tsami, ta juya fuska bango. Da na taɓa ta, ta tafi. Nomau na wurin aiki, Silbi ta fita sayayya. Ban kira kowa ba. Na ɗora ruwa, na rufe mata ido, na ɗaure haɓarta, na yi mata wanka kamar yadda muka yi wa uwata, na naɗe ta da farin zanen gado. Wannan kam ban bari wani ya riga ni ba.

Daga nan na yi abin da kowace mace za ta yi a Hawandawaki. Na bi ƙofofin benen ɗaya bayan ɗaya ina bugawa, daga sama har ƙasa. Faransancina bai wuce kalma goma ba, amma na san ta mutuwa. Wasu suka buɗe da sarƙa a jikin ƙofa suka leƙo da ido ɗaya. Wata ta miƙo mini burodi, ta zaci bara nake. Wani ya ce wani abu mai taushi ya rufe. Na koma na ɗauko bargo biyu na shimfiɗa a zauren shiga, gindin matakala, na ajiye ruwan sha da kofuna, na zamna zaman makoki ina jiran masu gaisuwa. A raina na ce in mutane suka taru, kunya za ta sa Nomau ya kira fasto. Taro shi ke tanƙwara mai taurin kai, haka na sani.

Suka yi ta wucewa suna raɓa bargon. Wata mai jan keken jariri ta tsaya tana jira in janye ƙafata. Matar da ke kula da benen ta fito da tsintsiya tana faɗa tana nuna wata takarda a bango. Mutum ɗaya ne ya tsaya, wani tsoho mai kare da ke hawa na biyu. Ya dube ni, ya dubi bargon, ya tuɓe hularsa, ya zamna a matakala da ƙyar yana riƙe da gwiwa. Ya yi kamar tsawon dahuwar shayi, ya tashi ya sunkuyar mini da kai ya hau. Shi ne duk masu gaisuwar Malama Lidiya, matar da in a gida ta mutu sai an rasa inda za a ɗaure jakuna.

A nan Nomau ya iske ni. Fuskarsa ta yi ja.

"Inna, mi kike yi haka? Tashi, don Allah."

"Ka san sunansa ashe."

"Tashi mu hau. Ina uwata?"

Da ya gan ta a naɗe ya durƙusa ya kifa kai a gefen gado. Na fita na ba shi wuri. Kafin la'asar wasu maza masu baƙaƙen kaya suka zo, 'yan kamfanin da ake biya su yi jana'iza, suka ɗauke ta suka kai ɗakin sanyi. Su ke haƙa, su ke ɗauka, su ke sa rana. Suka ce Juma'a da hantsi.

Kwana biyu ban ci abincin gidan ba. Ran Alhamis Nomau ya same ni a ɗakin Malama ina ninke kayanta.

"Ba fasto, wannan na gama," in ji shi. "Amma mutanen sun ce akwai minti kaɗan kafin a sauke akwati, in wani na da magana. In kina so, ki yi."

"Ni? Ni mace ce, Nomau. Ban yi lakwal ba. Ko dattijon majami'a ban taɓa tsayawa gabansa na ja addu'a ba. Kai ka sani a wurinmu mata ba su zuwa kusheyi, gida muke zama maza su kai su dawo."

"To shi ke nan, sai a yi shiru."

Ya fita. Na zamna da rigar Malama a cinya. Shekarata sittin da wani abu ban taɓa ganin bakin kabari a buɗe ba, ko na mijina. Ni ce mai tsawata wa 'yan mata in sun taka al'ada. Amma ba al'ada ce ta riƙe hannuna ta sa na ce na ɗauka ba.

Mu shida muka je: Nomau da Silbi, wasu dangi biyu da ban sani ba, tsohuwar nan mai mabuɗi da ta ji labari ta zo da sandarta, sai ni. Maza huɗu na kamfani suka ɗora akwatin a kan katako bisa ramin, suka zura igiyoyi, kowa ya kama bakin tasa. Babbansu ya dubi agogo ya dubi Nomau. Nomau ya dube ni.

Na matsa. Na leƙa ramin sau ɗaya, ban ƙara ba. Na rufe ido na yi da Hausa, don ita kaɗai gare ni, kuma ita Malama ta mutu da ita a baki. Na ce, "Ya Uba, ga baiwarka Lidiya. Ka san ta, ba sai na gaya maka ba. Ta bar ƙasar ruwa ta je ƙasar ƙishirwa saboda kai. Ta yi daidai, ta yi kuskure, wanda ta ɓata wa yana nan tsaye, kai ka san yadda za ka yi da wannan. Ba fasto, ba taro, sai ni, kuma ka san ban iya ba. Ka karɓe ta. Cikin sunan Yesu."

Na yi shiru ina jira.

A wurinmu mai addu'a ba ya rufe addu'arsa da kansa. Shi ya ɗauko, jama'a ke saukewa. In ba a amsa ba, addu'a na nan rataye, ta mutum ɗaya ce, ba a yi jana'iza ba. Na jira, ba abin da nake ji sai motoci a titi. Tsohuwa mai mabuɗi ba ta san na kai ƙarshe ba, ba ta jin Hausa. Mutum ɗaya ne a duk wurin ya san inda na tsaya.

Na ƙara cewa, da ƙarfi, "Cikin sunan Yesu."

Wani cikin masu igiya ya yi tari. Na ji takun Nomau ya matso kusa da kunnena.

"Inna, kin gama?"

"Ban gama ba. Ba a amsa ba."

"Mutane na jira. Suna da wata gawar bayan wannan."

"Su jira."

"Kin san ba ni faɗin abin da ban gaskata ba."

"Ban ce ka gaskata ba. Ni ban buɗe ido sai an amsa, ko da za mu wuni nan."

Ya san ni. Ya san ran da ya ƙi shan magani yana ƙarami, na zamna a kansa daga safe har azahar. Babban masu igiya ya yi magana da Faransanci, Silbi ta amsa masa a taƙaice, ya yi shiru. Sanyi ya shiga ƙafafuna har na daina jin su. Ina jin numfashin Nomau a gefena, yana fita da ƙyar kamar na mai hawan tudu da kaya.

Sannan, can ƙasa-ƙasa, da muryar da ba ta mai furfura ba, ya ce, "Amin."

Ban sani ba ko Allah ya faɗa wa, ko uwarsa, ko kuwa ni don in bar shi ya huta. Ban tambaye shi ba, ranar ko bayanta, kuma ba aikina ba ne. An ɗauko, an sauke. Na buɗe ido, na yi wa masu igiya alama da haɓa, suka sauke ta.